Babi na Shida: Masu Ziyarar Ba-zata

A Ingila da Wales akwai dokar da ta bai wa mutanen gari, waɗanda ba lauyoyi ba ne kuma ba alƙalai ba, ikon su tashi su biyu su nufi ofishin 'yan sanda a duk sa'ar da suka ga dama, ko da ƙarfe biyun dare ne, su ce a buɗe musu ɗakunan da ake tsare mutane. Ba sa buga waya kafin su taho. Ba su san kowa cikin waɗanda aka kulle ba, ba kuma belin wani ne ya kawo su ba. Sajen da ke bakin aiki ba shi da hurumin ce musu su je su dawo gobe. Ba a biyansu albashi, kuɗin mota kawai ake mayar musu. A cikinsu akwai malamar makaranta da ta yi ritaya, akwai direba, akwai ɗalibi, akwai mai shago. Sun haura dubu a faɗin ƙasar.

Kafin a fahimci amfanin wannan tsari sai an fahimci bambancin da ke tsakanin gidan yari da sel ɗin 'yan sanda. Gandiroba ba shi da wata riba idan fursuna ya amsa laifinsa. Shari'a tana hannun kotu, shi tsaro kawai aka ba shi. A caji ofis kuwa, hukumar da ta kama mutum ita ke tsare da shi, ita ke bincikensa, ita kuma ke matse da buƙatar ya buɗe baki. An karɓe masa waya, an cire masa bel da takalmi, danginsa wataƙila ba su ma san inda yake ba. Yana iya kasancewa a buge, ko da rauni a jikinsa, ko ciwon sukari na cinsa, ko hankalinsa ya gushe. Shi ya sa masu bin diddigin azabtarwa a duniya suka daɗe da yin ittifaƙi cewa sa'o'in farko bayan kamu su ne mafi hatsari a duk tsawon tafiyar mutum cikin shari'a. Abin da ya same shi a lokacin, shaidunsa su ne waɗanda suka aikata.

Wutar Brixton

Ba tausayi ne ya sa Turawan Ingila suka buɗe ƙofar sel ba. Wuta ce ta tashi.

Brixton unguwa ce a kudancin Landan, inda baƙar fata 'yan asalin tsibiran Karibiyan suka yi yawa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1980 rashin aikin yi ya yi wa matasan unguwar katutu, ga kuma wata tsohuwar doka ta 1824 da ta bai wa ɗan sanda damar kama mutum bisa zato kawai, wai ya ga alamar yana shirin aikata laifi. A kan matasa baƙaƙe aka fi sauke ta. A farkon Afrilun 1981 'yan sandan Landan suka ƙaddamar da wani samame da suka sa wa suna Swamp 81, suka cika tituna da jami'ai cikin farin kaya. Cikin 'yan kwanaki aka tare mutum 943 aka caje su. Tura ta kai bango. Daga 10 zuwa 12 ga watan, unguwar ta kama da wuta: 'yan sanda 279 suka ji rauni, an ƙona motoci sama da ɗari, an lalata gine-gine da dama.

Gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora wa wani babban alƙali, Lord Scarman, aikin binciko musabbabin abin. Rahotonsa ya fito a watan Nuwamban 1981. Abin da ya gano shi ne amana ta riga ta karye tsakanin mutanen unguwar da 'yan sanda, kuma wani babban ɓangare na wannan karyewa yana da nasaba da abin da jama'a suka yi imani ana yi wa 'ya'yansu bayan an rufe ƙofar ofis. Ko labarin gaskiya ne ko ƙari ne, babu mai iya tabbatarwa, domin babu wanda ke shiga sai 'yan sanda. Cikin shawarwarinsa akwai cewa a bar wasu mutane da ba 'yan sanda ba su riƙa kai ziyarar ba-zata, su ga yadda ake tsare waɗanda ake zargi da yadda ake yi musu tambayoyi.

Aka fara gwadawa a wasu yankuna a 1983. A 1986 ma'aikatar cikin gida ta aika wa hukumomin 'yan sanda takardar da ke ƙarfafa musu guiwa su kafa irin wannan tsari. Amma shekara da shekaru abin ya zauna a matsayin ganin dama: inda shugaban 'yan sanda ya so, a yi, inda bai so ba, a yi ta jan ƙafa. Sai a 2002 Majalisa ta saka shi cikin Dokar Gyaran Aikin 'Yan Sanda, sashe na 51, ya zama wajibi a kowane yanki. Shekara ashirin da ɗaya ke nan tsakanin shawara da doka. Tun daga 2012 alhakin ɗaukar masu ziyarar da horar da su ya koma hannun kwamishinonin da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a don sa ido kan rundunar yankinsu. Scotland da Ireland ta Arewa kowacce tana da nata tsarin a ƙarƙashin tata dokar.

Ma'aunin da ake aunawa da shi

Ziyara ba ta da amfani idan mai ziyarar bai san abin da ya kamata ya tarar ba. Wannan giɓi wata doka ce ta cike shi, wadda aka fi sani da PACE, ta shekarar 1984. Ita ce ta raba aikin bincike da aikin tsarewa. Kowane ofishin da ake kulle mutane dole ya kasance da jami'in tsarewa, mai muƙamin saje ko sama, wanda ba shi da hannu a binciken laifin. Gabansa ake kawo wanda aka kama, shi zai saurari dalilin kamun, shi kuma zai amince a tsare ko ya ce a sake shi. Daga wannan minti lafiyar mutumin tana wuyansa.

Dokar ta kuma sa agogo ya fara tafiya. Ba a wuce sa'a 24 ba tare da tuhuma ba. Sufuritanda na iya ƙarawa zuwa 36 idan laifin babba ne, daga nan sai da izinin kotu, kuma ko da izinin ba a wuce sa'a 96, in ban da laifukan ta'addanci da ke da tasu dokar. Sufeto zai duba ko har yanzu akwai dalilin tsarewar kafin sa'a shida su cika, sannan duk bayan sa'a tara. Wanda aka tsare yana da haƙƙin ganin lauya kyauta, da haƙƙin a sanar da wani nasa inda yake, da hutun sa'a takwas a cikin ashirin da huɗu ba tare da tambayoyi ba. Yaro ko mai taɓin hankali ba a yi masa tambaya sai da wani baligi a gefensa. Duk abin da ya faru, daga kofin shayin da aka miƙa masa zuwa lokacin da aka fitar da shi ɗakin tambayoyi, sai an rubuta shi a kundin tsarewarsa tare da lokaci.

Wannan kundi shi ne makamin mai ziyara. Da shi yake gane ko abin da aka faɗa masa da baki ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Yadda ziyara ke gudana

Su biyu suke zuwa, kullum. Suna nuna katinsu a kanta, a shigar da su nan take. Idan aka jinkirta su sai da dalili, kuma dalilin da tsawon jinkirin duk za su shiga rahoto. Saje zai gaya musu yawan mutanen da ke kulle, maza nawa, mata nawa, yara nawa, wa ke cikin haɗarin cutar da kansa. Daga nan wani jami'i ya ɗauki makulli ya raka su.

A bakin kowane ɗaki za a buɗe ƙofa, su gabatar da kansu: mu mutanen gari ne, ba 'yan sanda ba ne, mun zo mu ga yadda ake riƙe da kai, za ka yi magana da mu? Yana iya cewa a'a, kuma sai su wuce. Idan ya yarda, jami'in zai ja da baya inda yana ganinsu amma ba ya jin abin da ake faɗa. Tambayoyin ba su da wani zurfi. An gaya maka dalilin da ya sa aka kama ka? An ce maka kana iya neman lauya? An sanar da gida? Yaushe rabonka da abinci? Akwai maganin da kake sha? Akwai bargo? Ka ga likita? Idan musulmi ne, an ba shi abin salla, an lura da lokacin buɗa bakinsa idan azumi ake yi? Idan ba ya jin Turanci, an nemo masa tafinta?

Abu ɗaya ne ba sa taɓawa, wato laifin da ake zarginsa da shi. Da ya fara ba su labarin yadda abin ya faru za su dakatar da shi, su gargaɗe shi cewa duk abin da ya faɗa ana iya kiransu kotu su maimaita. Ko ɓarawo ne ko mai kisan kai ko wanda aka kama bisa kuskure, a wurinsu ɗaya ne: mutum ne da hukuma ta kulle, kuma akwai abin da doka ta ce a yi masa.

Da izininsa za su buɗe kundinsa. A ce ya gaya musu tun ƙarfe tara na dare ya nemi lauya, sai suka ga a rubuce ba a buga wa lauyan waya ba sai ƙarfe ɗaya. Ko kundi ya ce a riƙa leƙa shi duk bayan rabin sa'a saboda a buge aka kawo shi, sai suka ga an yi sa'a biyu babu rubutu. Nan take za su tambayi saje. Sannan su zagaya: su leƙa bayan gida, su danna ƙararrawar kiran taimako su ji ko tana aiki, su duba ranar lalacewar abincin da ke ɗakin girki, su ƙirga barguna, su dubi bango da ƙofa ko akwai wani ƙarfe da mutum zai iya rataye kansa da shi. Kafin su fita su cike takardar rahoto a gaban jami'in, kwafi ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ya tafi wurin hukumar da ta turo su. A taron da ake yi lokaci-lokaci, babban jami'in yankin zai zauna gabansu ya ba da amsa kan abin da suka rubuta.

Wani zai ce, ai wannan duk ƙananan abubuwa ne. Haka ne, amma a sel ƙaramin abu shi ke kashe mutum: maganin farfaɗiya da ba a bayar ba, mashayin da aka bari kwance rigingine ya shaƙe da amansa, ƙararrawar da ta mutu. Kuma ofishin da ya saba da cewa baƙo na iya faɗowa ya tambayi bargo, da wuya ya ajiye kulki da igiya a ɗakin baya.

Misali ɗaya ya nuna abin da idon mutumin gari ke gani wanda doka ta tsallake. Masu ziyara sun yi ta tarar da mata a kulle suna jinin al'ada babu audugar mata, wasu an karɓe musu kayan jikinsu, ga kyamara a sama, ga kunyar tambayar jami'i namiji. Dokar 1984 ba ta ce komai a kai ba. Rahotanni suka taru daga yankuna daban-daban, ƙungiyar masu ziyara ta ƙasa, ICVA, ta rubuta wa ministar cikin gida a farkon 2018. A watan Agustan 2019 aka gyara ƙa'ida: dole a tambayi kowace mace a keɓe ko tana buƙatar auduga, a ba ta kyauta, kuma a ba ta damar magana da jami'a mace. Shekara talatin da biyar lauyoyi da alƙalai suna aiki da wannan doka ba su lura ba.

Inda ziyara ba ta kai ba

Duk da haka, kada a ɗauka an gama. A ranar 1 ga Afrilun 1998 wani tsohon soja ɗan asalin Najeriya, Christopher Alder, ya rasu a ƙasan ofishin 'yan sanda na birnin Hull, kwance rub da ciki, bayan an kawo shi hannuwansa ɗaure ta baya, jami'ai na tsaye a kansa suna zaton da gangan yake yi. Kyamara ta ɗauki komai. Masu binciken musabbabin mutuwa suka yanke a 2000 cewa kisa ne ba bisa doka ba. Aka gurfanar da jami'ai biyar a 2002, aka sallame su duka. A watan Agustan 2008 kuma wani mawaƙi mai fama da taɓin hankali, Sean Rigg, ya rasu bayan an danne shi an kawo shi ofishin 'yan sanda. Ofishin na Brixton ne, unguwar da aka fara maganar ziyara saboda ita. A 2012 masu bincike suka ce ƙarfin da aka yi amfani da shi a kansa ya wuce kima.

Mai ziyara yana zuwa sau ɗaya a mako ko makamancin haka, ya yi sa'a ɗaya ko biyu. Ba ya nan lokacin da ake danne mutum a titi, ba ya cikin motar da ake ɗauko shi. Ɗakin tambayoyi ma, wanda Scarman ya ambata da bakinsa, ba a buɗe wa masu ziyarar Ingila shi lokacin da ake tambayoyi ba. Wani tsohon lauya da ya taɓa yin aikin ziyarar da kansa, John Kendall, ya wallafa littafi a 2018 inda ya soki tsarin da cewa 'yancinsa na suna ne: hukumar da ke kula da 'yan sanda ita ke ɗaukar masu ziyara, a hankali sabo yana shiga tsakaninsu da jami'an da suke gani kullum, kuma wasu tsararrun ba sa bambanta su da hukuma. An kuma daɗe ana kukan cewa yawancin masu ziyara dattawa ne fararen fata masu rufin asiri, alhali waɗanda ke cikin sel matasa ne talakawa.

Alƙaluma sun nuna sauƙi. Hukumar da ke binciken ƙorafi kan 'yan sanda ta ƙirga mutum 333 da suka mutu a tsare ko jim kaɗan bayan tsarewa cikin shekara goma sha ɗaya daga 1998, kuma adadin shekara ya sauko daga 49 zuwa 15. Amma ba ziyara kaɗai ta jawo hakan ba. An sa kyamarori, an kawo ma'aikatan jinya cikin ofisoshi, an sake fasalin ɗakuna. Gaskiyar magana, ziyarar mutanen gari ɗaya ce daga cikin duwatsun murhu; ita kaɗai ba ta ɗaukar tukunya, amma idan aka cire ta tukunyar karkacewa take yi.

Daga Janiba zuwa duniya

Shekaru kafin Brixton ta tafasa, wani ma'aikacin banki a Janiba mai suna Jean-Jacques Gautier ya ajiye aikinsa ya duƙufa kan tambaya ɗaya: me ke hana azabtarwa tun kafin ta faru? Ya lura da yadda ƙungiyar Red Cross ke ziyartar fursunonin yaƙi, ya ce a yi wa kowane wurin tsarewa haka. A 1977 ya kafa kwamitin da ya yi ta tallata wannan ra'ayi. Ƙasashen Turai suka fara karɓa da yarjejeniyar 1987. A watan Disambar 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata ƙarin yarjejeniya kan hana azabtarwa, OPCAT, wadda ta fara aiki a 2006. Duk ƙasar da ta shiga ta ɗauki alkawari biyu: za ta bar ƙwararrun Majalisar su shiga kowane wurin tsarewa, kuma za ta kafa tata hukumar cikin gida mai zaman kanta da za ta riƙa ziyara a kai a kai. Birtaniya ta saka masu ziyarar sa-kai cikin nata tsarin a 2009.

Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a watan Yulin 2009. A ƙarshen wannan watan ne sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda da ransa, aka wayi gari da gawarsa. Duk abin da mutum zai ce game da shi da aƙidarsa, kotu ce ya kamata ta yanke masa hukunci, kuma mutanen Arewa maso Gabas sun fi kowa sanin abin da ya biyo baya. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2014, Ghana a 2016.

Abin da ke rubuce a Najeriya

A takarda, Najeriya ba ta rasa doka ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uwa ko mata don ɗa ko miji ya gudu. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta ce mace na iya tsaya wa mutum beli. Sashe na 33 ya wajabta wa shugaban kowane ofis ya kai wa majistare jerin waɗanda ya kama ba da sammaci ba a ƙarshen kowane wata. Sashe na 34 kuwa ya ce babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da umarnin a kai mutum kotu, ko ya ba da belinsa nan take. Kaduna ta yi tata irin dokar a 2017, Kano a 2019. A 2018 Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen ya umarci manyan alƙalan jihohi su tabbatar ana wannan ziyara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata ziyarar majistare.

Akwai kuma shirin ajiye lauyoyi a ofisoshin 'yan sanda, wanda Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta fara gwadawa a tsakiyar shekarun 2000 a jihohi huɗu, ciki har da Kaduna da Sakkwato, da lauyoyi 'yan bautar ƙasa.

Ta wata fuskar, majistaren Najeriya ya fi mai ziyarar Ingila ƙarfi, domin shi yana iya cewa a buɗe a saki mutum, wancan kuwa sai dai ya rubuta. Amma majistare ɗaya ne, ga kotunsa cike da shari'u, ga ofisoshi barkatai, sau da yawa babu mota babu mai. Ziyarar wata-wata, wadda galibi ana jin ƙishin-ƙishin ɗinta kafin ranar, tana bai wa mai son ɓoye wani damar share sel ya kai shi wani wuri. A 2014 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa a wasu ofisoshi har akwai jami'in da aka sani da laƙabin mai kula da azabtarwa. Shekara shida bayan haka matasa suka cika tituna suna zanga-zanga kan cin zalin 'yan sanda, har Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe rundunar SARS a ranar 11 ga Oktoban 2020, makonni kaɗan bayan sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda.

Mai gata da marar gata

Abin lura shi ne mutanenmu ba baƙin caji ofis ba ne. Da an kama yaro a unguwa, kafin magariba an tashi mai unguwa, an biya wa liman, an nemo wani kawu da ya san DPO. Za a je da manyan riguna, a zauna kan benci ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne, a yi ta "ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaro ne", a ƙarshe a ja jami'in bincike gefe a daidaita. Mata su biyo baya da kwanon abinci, a sa mai kawowa ya ɗanɗana kafin a shigar da shi.

Wannan ziyara ce, amma ta roƙo ce, kuma ta mutum ɗaya ce. Dattijon da ya zo don ɗan ƙanensa ba zai tambayi sauran mutum goma sha biyar da ke bayan kanta ba. Ba zai so ya ɓata wa DPO rai ba alhali alfarma ya zo nema. Wanda ya rage a ciki shi ne ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauye, da almajirin da aka kwashe a samame, da Bafulatanin da ba ya jin Hausa sosai, da mahaukacin da ba a san danginsa ba. Su ne ke kwana goma, wata guda, babu wanda ya rubuta sunansu. Abin da tsarin Ingila ya ƙara a kan abin da muka saba shi ne abu biyu: mai ziyarar yana shiga da ikon doka, ba da alfarma ba, kuma yana shiga don wanda bai sani ba.

Kwamitocin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, suna nan tun 1984, kuma wasunsu sun yi abin kirki. Sai dai kwamitin da ya saba tara kuɗi ya saya wa ofis taya ko ya gyara rufi, wanda shugabansa ke alfahari da kusancinsa da DPO, ba shi ne zai ƙirga kwanakin tsararru ya kai rahoto ba. Aboki daban, mai sa ido daban.

Idan wata jiha ta so gwadawa, abin da tarihin Ingila ya koyar a fili yake, har da kurakuransa. A rubuta ikon shiga cikin doka tun farko, kada a bar shi ga ganin damar kwamishina. Waɗanda za su zaɓi masu ziyara kada su zama 'yan sanda. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko kwamitin sa ido kan shari'ar laifuka na jiha sun fi dacewa. A haɗa mace da namiji, a sa matasa, a sa masu jin harsunan da ake ji a sel. A kayyade wa'adi don kada sabo ya yi yawa, kuma kada mutum ya ziyarci ofishin da yake da shari'a ko ɗan'uwa a ciki. A biya kuɗin mota daga baitulmali don kada mai ziyara ya sha ko ruwan ofis. Mafi muhimmanci, a haɗa idon mutumin gari da hannun majistare: abin da masu ziyara suka gani ranar Talata ya isa teburin majistare ranar Laraba, shi kuma yana da ikon da sashe na 34 ya riga ya ba shi.

Ɗan sanda mai gaskiya ba shi da asara a wannan. Shi ma yana aiki ne a ofishin da ba a ba shi kuɗin abincin tsararru ba, babu ruwa, babu magani, kuma idan wani ya mutu a hannunsa shi za a fara tuhuma. Rahoton mutanen gari da ke cewa ɗaki mai ɗaukar mutum biyar an zuba masa ashirin hujja ce da zai iya ɗauka ya kai gaba. Babi na gaba zai duba wannan ɓangare: nawa ake warewa don ciyar da wanda aka tsare, ta wace hanya kuɗin ke bi, kuma me ya sa a ƙarshe dangin wanda aka kama ne ke biya.